Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin birnin Tawa: aikin damina da rani ake yin sa

Mai girma shugaban riƙon birnin Tawa, masu girma shugabannin da'ira ta ɗaya da ta biyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku da ma'aikatanku, muna roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni tsohon malamin lakwal ne, na yi shekara talatin da ɗoriya da alli a hannu kafin in ajiye aiki. Amma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Maƙwabtana ne suka zaunar da ni wani dare bayan isha'i, dattawan masallacinmu, da matan da ke adashe a gidan da ke kallon nawa, da samarin fada biyu na layinmu, suka ce tun da ni na saba da takarda, in rubuta abin da muka daɗe muna faɗa a tsakaninmu. Unguwarmu tana gangare, inda ruwan sama ke taruwa in ya sauko daga tudu. Da gangan ban kira sunanta ba, domin duk wanda ke zaune a kwari a garin nan zai ga ƙofar gidansa a cikin wannan takarda.

Abin da ya tayar da maganar shi ne lokaci. Sanyi ya fara janyewa, nan da ɗan kwanaki bazara za ta kama, kuma kowa ya san daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni ake fara duban gabas. Magudanar da ta cika ta maido mana da ruwa cikin gidaje a daminar da ta wuce tana nan yadda ruwa ya bar ta. Yashi da leda sun cike ta har baki, yara na buga ƙwallo a kanta ba su ma san da rami a ƙarƙashinsu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In aka bari sai hadari ya haɗu sannan aka tuna da mu, abin da zai rage shi ne buhun shinkafa da tabarma da jaje. Mun sha karɓar waɗannan, mun kuma gode, amma ba su muke roƙo a yau ba.

Mu da furfura ta kama ba mu bukatar baƙo ya gaya mana cewa yanayi ya sauya. Mun ga farin 1973 da 1974, mun ga na 1984, mun ga yunwar 2005 da ta ci wannan jiha tamu. A wancan zamani tsoronmu ɗaya ne, kada ruwa ya ƙi zuwa. Yanzu tsoron ya zama biyu. Ruwan zai yi shiru har shuka ta fara kwanciya, sannan ya zo a dare ɗaya ya zubar da abin da a da yakan raba a mako biyu. A daminar 2024 kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar sanadiyyar ambaliya, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka shiga halin ƙaƙa-nika-yi, har sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin a wurare da yawa mutanen da gidajensu suka rushe ne ke kwana a azuzuwa. Kafin ruwan nan, a watan Afrilu na shekarar, zafin da ya sauka a Sahel ya haɗu da azumi, har a Kayes ta ƙasar Mali ma'aunin zafi ya haura digiri 48. Hayaƙin da ya ɗumama duniya ba daga murhunan Adar, yankin nan namu, ya tashi ba, mun san haka, kuma manyan ƙasashe na da bashin da za su biya. Sai dai magudanar da ke bayan gidana ba a taron ƙasashen duniya za a yashe ta ba. Tana hannun birni.

Ba da ka na faɗi haka ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta sa tsabtar gari da hanyoyinsa da magudanansa cikin aikin hukumar gari, kuma a 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani kaso na aiki a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Tawa na cikin birane huɗu da doka ta ba matsayi na musamman, ita da Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mun san aljihun birni ba shi da zurfi, mun san sha'anin tsaro na cin kaso mai yawa na dukiyar ƙasa, mun kuma san wahalar da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023 ya jawo. Shi ya sa yawancin abin da za mu roƙa ba tsabar kuɗi yake ci ba, tsari yake so da sa ido.

Kukanmu na farko hanyar ruwa ce. Bari in gaya muku yadda dare ɗaya na watan Agusta ya kasance a layinmu. Wajen ƙarfe biyu na dare ƙarar ruwa a kan kwano ta tashe ni, ina sauke ƙafa daga gado na ji sanyi har idon sawu. Na fita da fitilar waya na tarar tsakar gida ta zama tabki, takalma da kwanoni na yawo. Ruwan ba daga sama kaɗai yake ba, ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa daga titi. Ni da ɗana muka ɗauki diga muka fasa gindin katangarmu ta baya don ya samu mafita, muna fasawa muna sane da cewa gidan maƙwabci muke tura shi. Shi ma ya fasa tasa. Haka aka kwana ana miƙa wa juna ruwa har ya isa gidan wata bazawara da ke ƙarshen gangare, wadda ba ta da inda za ta tura shi. Ɗakinta bai faɗi a daren ba. Ginin ƙasa ba haka yake yi ba, shan ruwa yake ta gindi a hankali, yana jiƙa yana laushi, sai bayan kwana uku, rana tsaka, ana tsammanin an tsira, bangon ya zauna. Allah ya sa ita da ƴaƴanta suna waje. Hatsinta da gadonta da takardun haihuwar yaran duk suna ciki.

Da gari ya waye wani dattijo da ya haura tamanin ya tsaya a bakin layi yana kallon ɓarnar, ya ce: «Ruwa ba shi da laihi, hanyarshi munka tare.» Ya nuna mana da sandarsa inda ƙorama take bi tun yana yaro, daga tudu har ta faɗa tabki. Gidaje ne yanzu jere a kanta. Waɗanda suka gina ba ɓarayi ba ne, da yawansu da takarda a hannu suka sayi fegi, wasu kuwa talauci ne ya kai su inda ƙasa ke da araha. Lokacin da Bilbis da Fakawa ne gari, mutane sun san inda ake gini da inda ake bar wa ruwa. Garin ya faɗaɗa, shekarun fari sun sa an manta da kwari, aka yanka filaye inda kakanninmu ba su taɓa kafa ko rumfa ba. Bikin 18 ga Disamba na 2017, wato Tawa Sakola, ya kawo mana tituna da fitilu da muke alfahari da su, amma titin kwalta ruwa ba ya nutsewa a cikinsa, gudu yake ƙara masa, kuma in titi ya fi gidajen gefensa tudu, to su ne magudanar. Ko inda aka yashe magudana, sau da yawa sai a tara yashin a bakinta a tafi, iska da awaki da ruwan farko su mayar da shi inda ya fito.

A nan nake so in daɗe, domin ruwan da ke cinye mu ba a cikin gari yake haihuwa ba. Daga fako yake zuwa, daga tuddan dutse da ke kewaye da mu, inda aka sare itace ƙasa ta daskare kamar siminti, ɗigo ɗaya ba ya shiga. Kuma babu mutanen da suka fi na jihar nan sanin maganin wannan. Asalina daga wani ƙauye ne na ƙasar Keita. Lokacin da aka fara babban aikin Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ina sabon malami. Mazan ƙauyenmu sun tafi cin rani, mata ne suka riƙe aikin. Na ga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da gammo a ka tana ɗauko duwatsu daga gindin tudu, ana jera su layi-layi a kan gangare, ana haƙa ramuka, ana biyan su da hatsi da mai. Tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin tukunya. A lokacin wasu na cewa wahalar banza ce, wa ya taɓa noma dutse? Bayan ƴan shekaru na koma na tarar da bagaruwa da ciyawa a inda ko akuya ba ta tsayawa, ƙoramar da ke cin gonaki kuma ta rage hauka, domin an tare ruwan tun yana ƙarami, tun bai haɗu ya yi ƙarfi ba.

Ba Keita kaɗai ba. A ƙarshen shekarun 1980 manoman ƙasar Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramin shuka, suka dawo suka inganta tassa tasu: rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu, ruwa ya zauna a ciki, gara ta buɗe ƙasa, gero ya fito a kan fako. Har ta kai mutane na sayen fakon da a da kyauta ma ba a karɓa. Rabin wata kuwa, wato rami mai siffar rabin wata da ake haƙawa don tare ruwa, kowane yaro a Badagishiri ya san yadda ake zana shi a buɗe bakinsa ta inda ruwa ke gangarowa. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera bedi layi biyu-biyu don karya iska, suna nan tsaye har yau. Masana daga ƙasashe da dama sun zo nan sun koya sun kai wa wasu. Abin da ke ci mini rai shi ne babban birnin jihar da ta koya wa Sahel riƙon ruwa yana zaune a ƙarƙashin tuddai tsirara, yana jiran ruwa ya same shi a gado.

Kuka na biyu shara ce, kuma ba za mu ɓoye namu laifin ba. Mu ne muke zubawa. Mace za ta ba yaro bokitin shara ta ce ya kai juji, yaro ya ga juji da nisa, ya juye a magudana. Wasu ma jira suke hadari ya taso su fito da sharar mako guda su bar wa ruwa ya tafi da ita. Amma in babu wurin zubawa kusa, babu ranar da aka san za a kwashe, wa'azi ba ya hana wannan. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da ledar nan marar kauri da sayar da ita, amma yau ko barkonon dala biyar ka saya a leda za a ƙulla maka. Ita ce ke toshe bakin kwalbati, ita ce ke maƙale a ƙaya kamar baƙaƙen tsuntsaye. Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbin akuya da tunkiya, dunƙulen leda da ya murɗe kamar igiya, dabba na ci tana ramewa, mai ita na sayen magani bai san dalili ba. Tumakin nan su ne asusun matanmu. In juji ya yi yawa kuma sai a cinna masa wuta da magariba, hayaƙin ya kwanta a unguwa, masu asma da tsofaffi su kwana zaune.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, lafiyar yara. Ruwa na janyewa sauro ke karɓar gari. Sauron da ke kawo masassara ba ruwan kwata mai wari ya fi so ba, ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: sawun tayar mota, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, kududdufin bayan gida. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana goma ne ko kusa da haka. Duk ramin da ya riƙe ruwa mako biyu ya yaye rundunarsa. Shi ya sa daga Agusta zuwa Oktoba gidajen likita ke cika har a shimfiɗa tabarmi a baranda. Jikana ɗan shekara uku ya kwanta a watan Satumba, da yamma yana wasa, cikin dare jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, kafin asuba ya fara jijjiga idanunsa sun juye. A kan babur muka ɗauke shi, mai babur na kewaya ruwa layi bayan layi, tafiyar minti goma ta zama ta rabin awa. Aka ce jininsa ya ƙare. Samarin fadar nan da ake yi wa kallon ƴan zaman shayi, su huɗu suka biyo mu suka miƙa hannu, na biyu jininsa ya dace. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Na gadon da ke kusa da shi bai tashi ba, kuma har yau ina jin muryar uwarsa.

Tun 2006 doka ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuma kowace damina ana bi gida-gida wata-wata ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga masassara. Ana raba gidan sauro. Waɗannan aikin gwamnatin ƙasa ne da ma'aikatan lafiya, kuma sun ceci rayuka da yawa, ko da yake iyaye sun san ranar da akan ce maganin ya yanke a je a saya. Amma ma'aikacin lafiya ba zai cike ramin bulo ba. Yana ƙarshen layi, yana karɓar abin da unguwa ta aiko masa. Ramukan nan kuma ba sauro kaɗai suke haifarwa ba, kowace damina sai an ji yaro ya je wanka bai dawo ba.

Ga kuma amai da gudawa. In ruwa ya shiga gida, masai ne ke fara cika ya tumbatsa, abin da ke ciki ya bi titi, ya shiga rijiyar da ba ta da murfi, ya taɓa jarkar mai ga-ruwa da kayan miyar da aka shimfiɗa a ƙasa. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, jihar Tawa na cikin inda ta fi tsanani, a 2024 kuma ta sake ɓulla a wajen Ƙwanni da Madawa da Buza. Motoci daga waɗannan garuruwa kullum suna shigowa tasharmu. Mutum ya wuni a kasuwa ko tasha, in bai samu makewayi mai tsabta da ruwan wanke hannu ba, bayan katanga zai zaga.

Na huɗu zafi ne da inuwa, zan taƙaita. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa, tun zamanin Janar Seyni Kunce muke yi, ni kaina na sha fito da ɗalibai a jere. Ku zaga a watan Maris ku ƙirga waɗanda suka rayu. Dashe ba ya wuce rani in babu kariya daga awaki, babu mai ba shi ruwa. A sababbin unguwanni za ka yi tafiya mai nisa ba ka samu inuwar tsayawa ba, ɗakin kwano kuwa a watan Afrilu tanda ne, tsofaffi da jarirai da masu hawan jini su ke fara jigata, a daidai lokacin da famfo ke yankewa jarkar ruwa ta yi tsada.

Na ƙarshe shi ne wa ke jin mu. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, babu kansilan unguwa da za a tare a ƙofar masallaci a gaya masa magudana ta toshe. Ba shari'ar wannan mataki na zo yi ba, giɓin da ya bari nake nunawa. Mai unguwa na iya ƙoƙarinsa, amma ba shi da mota ba shi da kasafi. Na taɓa kai takardar kokenmu wani ofishi, aka karɓa da mutunci, aka ce a dawo, na koma sau uku ban samu wanda ya san inda take ba. In an zo rabon taimako kuma, sau da yawa sunan mai gida ake rubutawa, ɗan hayar da kayansa suka lalace ba ya cikin lissafi. Haka macen da mijinta ke Abijan ko Libiya, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga arewacin jiha suka raɓa a gefen gari cikin bukkoki, ba su da mai tsaya musu. Bazawarar da na ambata, matan adashe ne suka ba ta kwasar da ba tata ba, samari suka buga mata bulo. Unguwa ta yi abin da za ta iya, amma ta sake gina ɗakin a daidai inda ya faɗi, domin ba ta da wani wuri.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A yashe magudanai da bakin kwalbatoci kafin ƙarshen Afrilu, a fara da unguwannin kwari, kuma motar kwasa ta biyo masu yasa a ranar, kada yashi ya kwana a bakin rami. Hannu muna da shi. Gayya ba baƙuwarmu ba ce, waɗanda suka yi zamanin samariya, ƙungiyoyin matasan da suka yi aikin gayya, suna raye. Ku ba kowace unguwa shebur da diga da baro da safar hannu a hannun mai unguwa, a rubuta, a sa ranar da mota za ta zo, a kuma cika alkawarin ranar. Yashin da aka kwasa da ɓaraguzan gini a kai su ramukan bulo da ke tsakiyar gidaje a cike, a ware wa masu bulo wuri a bayan gari.

Ku fito da ma'aikatanku masu awon ƙasa su bi dattawan kowace unguwa a ƙafa, su nuna musu tsofaffin hanyoyin ruwa har zuwa tabkin Babaye da sauran tabkuna, a zana a takarda, a liƙa inda kowa zai gani. Daga ranar a daina yanka fegi a kan waɗannan hanyoyi, ko wane ne mai nema. Waɗanda suka riga suka zauna a bakin ƙorama, kada a zo musu da rusau da damina a ka. A zauna da su tun yanzu, a nema wa mafi shiga haɗari fili a tudu, a fara da gwauraye mata da marayu.

Babban roƙonmu shi ne tudu. Ku haɗa kai da ma'aikatan gandun daji da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da birni da sarakunan gargajiya, a ɗauki gangaren da ke zubo mana ruwa ɗaya bayan ɗaya, a yi musu rabin wata da jerin duwatsu, a dasa bagaruwa da aduwa da magarya, a bar wa gawo da sabara da kalgo da ke tsirowa da kansu su tashi. Aikin rani ne, daidai lokacin da samarinmu ke ɗaure jaka su tafi. In an biya su ko kaɗan ne a kan kowane rami, wasu za su zauna. Masu koyarwa ba sai an ɗauko su daga nesa ba, suna ƙauyukan Keita da Illela, ga kuma ɗaliban jami'ar Tawa da za su iya auna abin da aka yi su rubuta. In masu ba da tallafi sun zo da maganar sauyin yanayi, wannan ne aikin da za ku ajiye a gabansu, da taswira da sunan kowane gangare.

A kan shara, a sa wa kowace unguwa wurin tarawa da ba zai gagari yaro zuwa ba, a tsara masu amalanken jaki su riƙa bi gida-gida a kan ɗan kuɗin wata da talaka zai iya, birni kuma ya ɗauki nauyin kwashewa daga wurin tarawa zuwa bayan gari. Dokar leda a fara ta daga manyan masu shigowa da ita, kada a fara da mai tallan ƙosai. A gyara makewayi a kasuwanni da tashoshi da makarantu, da ruwa da sabulu da mai kula da aka san shi. Kafin damina ma'aikatan tsabta su zaga rijiyoyi da wuraren ɗiban ruwa na ƴan ga-ruwa da maganin tsarkake ruwa, su koya wa mata awonsa a jarka.

Itacen 3 ga Agusta kuwa, a daina ƙirga wanda aka dasa, a ƙirga wanda ya ga Agusta ta gaba. Kowane dashe a damƙa shi ga wani da sunansa, mai shago ko limami ko ajin makaranta ko fada, a ba shi abin kewayewa.

In hukumar hasashen yanayi ta ce ana sa ran ruwa mai ƙarfi, labarin ya iso mu da Hausa da Buzanci da Fulatanci, ta rediyo da lasifikar masallatai da WhatsApp, tun da rana. Kowace unguwa ta san tun yau inda za ta kai tsofaffi da yara in ruwa ya shigo, kuma a nemi wurin da ba aji ba, don kada karatun yara ya sake biyan kuɗin ambaliya. In an zo rubuta waɗanda abin ya shafa, a rubuta wanda ke kwana a ɗakin, a sa mata biyu na unguwa cikin masu rubutawa, a karanta sunayen a bainar jama'a kafin a raba ko tiya ɗaya.

Sannan ku ba mu ƙofa. Mutum ɗaya a kowace da'ira, da lambar waya da littafin da ake rubuta koke a ba mai kawowa shaida. Zama da jama'a sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina ɗaya bayan kaka, ku gaya mana abin da aka tara na haraji da tikitin kasuwa, da abin da aka kashe a tsabta da magudanai. Ba don muna zargin kowa muke neman wannan ba. Mutum ya fi sakin hannu in ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Ƴaƴan Adar da ke Abijan da Kamaru da Najeriya sun gina masallatai da rijiyoyi da azuzuwa a garuruwansu, kuma da yawansu sun gaya mana da bakinsu za su sa hannu a aikin magudana in akwai lissafi a fili.

Mu dai mun yanke shawara a zamanmu. Asabar ta farko bayan fitowar wannan takarda, bayan sallar asuba, za mu fara yasar magudanar layinmu daga bakin kwalbati zuwa sama, da shebur shida da baro biyu da muka haɗa kuɗi muka saya. Mata sun ɗauki nauyin kunu, samari sun ɗauki diga. Mai unguwarmu zai kawo muku kwafin takardar nan da hannunsa, da sunan layin da ranar. Abin da ba mu da shi shi ne motar da za ta kwashe yashin, muna roƙo ku aiko mana da ita kafin azahar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin makaranta, a madadin dattawa da mata da samarin wata unguwa ta kwari, Tawa.